Kwana a motar tafi-da-gidanka a filin sana'arka a Amurka: yadda ake bi ta hannun hukuma

Lissafin da ke kai mutum ga wannan tunani ba ɓoyayye ba ne. Kana biyan hayar gareji, ko ta filin da kake tara motocin da za a loda zuwa Kwatano da Legas. Kana kuma biyan hayar ɗaki a wata unguwa mai nisa, ɗakin da ba ka shigarsa sai bayan isha'i, ka bar shi da asuba. A bayan garejin ga fili nan fayau ba a komai da shi, ga kuma ɓarayin da ke tsallako waya cikin dare suna yanke tukunyar salansar motoci. Sai zuciya ta ce maka: sayi motar nan mai gado da kicin da bayi a cikinta, wadda Amurkawa ke kira RV, ka girke ta bayan shago, ka huta da hayar ɗaki, ka kuma zama maigadin kanka.

A gida wannan ba abin tambaya ba ne. Yaron shago na kwana a shago, maigadi na da ɗakinsa a bakin ƙofa. Mu ma takardar mallaka tana faɗin abin da aka ba da fili dominsa, a Kano kuma akwai hukumar tsara birni ta KNUPDA, amma da wuya wani ya zo ya ƙwanƙwasa maka ƙofa don an ga fitila a kunne a sitonka da tsakar dare. A Amurka ana zuwa. Shi ya sa shawarata ga 'yan'uwanmu da ke Bronx, da Greensboro, da Houston da sauran garuruwa guda ɗaya ce, duk abin da ke ƙasa bayaninta ne: kada ka biya ko dala ɗaya a kan motar sai amsar hukuma ta shigo hannunka a rubuce.

Dalilin da ya sa "ai filina ne" ba ta aiki

Tun 1916 birnin New York ya kasa kansa shiyya-shiyya: nan gidajen zama, nan kasuwa, nan masana'antu. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa garuruwa na da wannan iko, a shari'ar ƙauyen Euclid da ke gefen Cleveland a jihar Ohio da kamfanin filaye na Ambler. Wannan tsari shi ake kira zonin. Mallakar fili daban, abin da aka yarda a yi a kansa daban.

Matsalarka kuma biyu ce a haɗe. Ta farko filin: an ware shi ne don kasuwanci ko masana'anta, kwana kuwa aikin gidan zama ne. Ta biyu motar kanta: a idon doka RV ba gida ba ce. Gidajen da ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da mota suna ƙarƙashin ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, tun 1976, kuma suna ɗauke da jan tambarinta. RV ba ta cikin wannan ƙa'ida, domin an ɗauke ta a matsayin abin yawon shaƙatawa da zama na ɗan lokaci. Ko babbar nan mai kama da ƙaramin gida, wadda faɗinta ba ya wuce murabba'in ƙafa 400, haka take. Saboda haka za ka iya samun gari da ya yarda a kwana a filin kasuwanci, amma ya ce sai a cikin gini. Dole ƙofofin biyu su buɗe, ɗaya ba ta isa.

Mataki na farko: gano wanda ke da iko da filin

Sunan garin da ke jikin adireshinka na gidan waya ba shi ne hujja ba. Fili na iya ɗauke da sunan birni a adireshi alhali yana wajen iyakarsa, a hannun gunduma. Shiga shafin intanet na ofishin kimanta harajin filaye na gundumar, ka rubuta adireshin, ka kwafi lambar fuloti. A nan za ka ga sunan mai filin na ainihi, sau da yawa har da hukumar da ke karɓar harajinsa. Wannan lamba da ita za ka yi ta magana daga nan har ƙarshe.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A Texas, alal misali, gundumomi ba su da cikakken ikon zonin irin na birane, don haka filin da ke wajen gari ya fi sauƙi, ko da yake dokar sokawe da ta ambaliya na nan daram. Houston kuwa ta yi suna da cewa ba ta da zonin, masu zaɓe sun ƙi shi sau uku, a 1948 da 1962 da 1993. Kada wannan ya ruɗe ka. Birnin na da nasa dokoki kan gidajen tirela da motocin RV, sannan akwai sharuɗɗan da ke rubuce cikin takardun mallakar filaye, waɗanda ke ɗaure mai fili kamar yadda zonin zai ɗaure shi.

Mataki na biyu: karanta dokar da idonka

Da lambar fuloti, buɗe taswirar zonin ta garin. New York na da ZoLa, Los Angeles na da ZIMAS, kusan kowane gari na da irin tasa. Za ka ga harafi da lamba a kan filinka: R gidajen zama ne, C kasuwanci, M ko I masana'antu. Daga nan ka nemi kundin dokokin garin. Yawancin garuruwa suna ajiye nasu kyauta a shafukan intanet irin su Municode, ko eCode360, ko American Legal Publishing.

A nan ne nake roƙon mutum ya zauna da kofin shayi ya ba abin awa ɗaya, domin nan ake yin kuskuren da ya fi tsada. Wurare uku za ka duba. Fara da babin ma'anar kalmomi, ka ga yadda garin ya fassara RV da yadda ya fassara gidan zama. Sai jadawalin ayyuka, wanda ke jera abin da aka yarda a yi a kowace shiyya, da alama a gaban kowanne: wannan an yarda kai tsaye, wannan sai da izini mai sharaɗi, wannan babu. Sai babin ajiye ababen hawa. A akwatin bincike, kalmomin da za su kai ka wurin su ne recreational vehicle, da caretaker, da temporary use.

Akwai ƙa'idar da ba kowa ya sani ba. A yawancin kundayen nan, duk aikin da ba a ambata a jadawali ba haramtacce ne. Mu mun saba da cewa abin da ba a hana ba halal ne, nan kuwa a juye take. In ka duba ba ka ga inda aka ce kada a kwana a RV a shiyyar C ba, wannan shirun ba izini ba ne.

Sai kuma bambancin ajiyewa da zama. Gari zai iya yarda ka ajiye RV a filin kasuwanci shekara da shekaru, jimla ta gaba kuma ta ce kada a zauna a ciki, kada a haɗa mata ruwa ko wuta ko bututun najasa. Mai dubawa ba sai ya same ka a kan gado ba. Ya ishe shi ya ga igiyar wuta ta fito daga shago ta shiga motar, ɗakin gefe (sashen motar da ake turowa waje don ƙara fili) a zare, matakala a sauke, takalma a bakin ƙofa, buta a gefe.

Mataki na uku: nemi ƙofar da ta dace da kai

Idan jadawali bai yarda kai tsaye ba, kuma da wuya ya yarda, akwai ƙofofi huɗu, amma ba girmansu ɗaya ba.

Wadda ta fi dacewa da mai gareji ko sito ita ce ɗakin maigadi. Garuruwa da yawa sun amince a sami wurin kwana ɗaya a filin kasuwanci ko masana'anta domin mai tsaron wurin, a matsayin abin da ke bin sana'ar, ba gida mai zaman kansa ba. Ma'anarsa, in sana'ar ta tsaya izinin ya faɗi, ba a ba wani haya, kuma mai kwana a ciki mai wurin ne ko ma'aikacinsa. Abin da za ka zuba wa ido shi ne ko dokar ta yarda ɗakin maigadin ya zama RV. Wasu garuruwan sun ce sai gini ko gida mai tambarin HUD, wasu sun yarda da RV na ƙayyadadden lokaci tare da sabuntawa. In za ka bi ta nan, tara hujjar cewa wurin na buƙatar tsaro: lambobin rahoton 'yan sanda na satar da aka yi maka, hotunan wayar da aka yanke, ƙimar kayan da ke kwana a fili. Hukuma ta fi sauraron "an fasa mini sau uku, ga takardu" fiye da "haya ta yi tsada", ko da na biyun shi ne gaskiyar da ke ci maka tuwo a ƙwarya.

Ta biyu izinin wucin gadi. Shi ne wanda ake bayarwa lokacin da ake gini a fili, ko bayan gobara ko ambaliya, ko don sana'ar ɗan lokaci irin sayar da itatuwan Kirsimeti. Ya fi saurin fita, sau da yawa jami'i ne ke sa hannu ba sai an yi zama ba, amma yana da ranar ƙarewa. Ya dace da wanda ke son watanni ya tara kuɗi, bai dace da mai neman mazauni ba.

Ta uku izini mai sharaɗi. Wannan doguwar hanya ce: takardar nema, zanen fili, kuɗin da kan tashi daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai gwargwadon gari, sannan zama a gaban kwamitin tsara gari inda maƙwabta ke da damar magana. A California ana aika wa masu filaye da ke cikin ƙafa 300 sanarwa aƙalla kwana 10 kafin zaman. Kada maƙwabcinka ya fara jin labarin daga wasiƙar hukuma. Taka ka same shi, ka gaisa, ka nuna masa inda motar za ta tsaya, ka faɗa masa cewa idonka zai riƙa kai wa har kan nasa shagon da dare. Mai shagon fenti da ke gefenka in ya tashi a zaman ya ce yana goyon baya, maganarsa ta fi ta lauya nauyi.

Ta huɗu neman sassauci, wato a ɗage maka wata ƙa'ida saboda yanayin filinka. Mutane na yawan ambatonta, amma ni ba na ba da shawarar a dogara da ita. An yi ta ne don irin tazarar gini daga iyaka ko tsawon katanga. A California doka ta hana a yi amfani da ita wajen halatta aikin da shiyyar ba ta yarda da shi ba.

Akwai kuma garuruwan da matsalar rashin muhalli ta sa suka buɗe hanya ta musamman. Eugene a jihar Oregon misali ce mai kyau: dokarta ta yarda mai wurin kasuwanci ko wurin ibada ya bar mutane su kwana cikin ababen hawa har shida a filin ajiye motocinsa, da sharaɗin ya samar da bayi da wurin zuba shara, kuma kada ya karɓi ko sisin kwabo na haya. Oakland a California ma ta sassauta a 2021, ta yarda a zauna a RV a kan fili mai zaman kansa a shiyyoyin da aka yarda da gidajen zama. Tambayi ko garinku na da makamancin wannan, musamman in kana cikin kwamitin masallaci mai fili.

Mataki na huɗu: tambayi ofishin tsara gari, a rubuce

Wasu na tsoron tambaya, wai kada su tono wa kansu. Ai ba ka yi komai ba tukuna, wannan shi ne amfanin tambaya kafin saye. Je ofishin ko ka buga waya don ka fahimci hanya, amma maganar baki ba ta kare ka ranar da wani jami'i daban ya zo. Aika imel gajere: lambar fuloti kaza, shiyya kaza, ina gudanar da sana'a kaza, shin an yarda mai wurin ya kwana a RV a matsayin maigadi, in an yarda wane izini ake nema, kuma wane sashe na doka ne ya faɗi haka? Tambayar sashen doka tana sa jami'i ya buɗe kundi maimakon ya amsa da ka. Garuruwa da yawa kuma suna ba da wasiƙar tabbatar da zonin, mai hatimi, a kan kuɗi kaɗan. Karɓe ta ka adana.

Faɗi gaskiyar abin da kake nufi. In ka ce ajiya za ka yi alhali zama ne, izinin da ka samu ba zai rufe ka ba.

Mataki na biyar: mai fili da kamfanin inshora

In haya kake yi, ɗauko yarjejeniyar ka nemi sakin layin da ya faɗi abin da aka ba ka wurin dominsa. Kusan kullum za ka ga sana'ar kaɗai aka ambata. Kwana a wurin saɓa yarjejeniya ne, kuma zai iya jawo maka rasa garejin gaba ɗaya, ka ga garin neman gira an rasa ido. Sai an yi ƙarin takarda da sa hannun mai fili. Dama hukuma ma kan nemi sa hannunsa a takardar neman izini, kuma in an yi tara sau da yawa kansa take faɗawa.

Inshorar shago ba a yi ta da tunanin wani na girki da barci a harabar ba. Inshorar RV ta yau da kullum kuma ta mai fita yawo ce, akwai wata daban ta mai zama cikinta dindindin. Faɗa wa kamfanonin biyu gaskiya tun farko, domin in gobara ta tashi daga murhun motar ta ci shago, mai bincikensu zai gano ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba.

Mataki na shida: zanen fili, ruwa, wuta da najasa

Zanen da za ka miƙa ya nuna iyakar fili, da gini, da inda motar za ta tsaya, da tazararta daga katanga da gini. Kada ta hau hanyar motar 'yan kwana-kwana, wadda ƙa'idar kashe gobara ta ce faɗinta kada ya gaza ƙafa 20. Kada ta cinye gurbin ajiye motar naƙasassu, kada kuma ta rage yawan guraben ajiye mota da aka wajabta wa sana'arka. Wannan na ƙarshe yana kayar da mutane ba su ankara ba: RV ɗaya na iya cinye gurabe uku ko huɗu.

Najasa ita ce tambayar farko da jami'in lafiya zai yi. Motar na da tanki biyu na ƙazanta, ɗaya na bayi, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke. Dukansu biyun sai dai su shiga bututun najasa na gari, ko sokawe mai izini, ko a kai su wurin zubarwa, ko a yi kwangila da mai motar zuƙa a riƙa ajiye rasit. Ramin nan mai murfin ƙarfe da ke tsakiyar filin ajiye motoci na ruwan sama ne, sau da yawa kai tsaye yake zuwa rafi ba tare da an tace ba. Ko ruwan alwala da sabulu kada ka juye a ciki. Wannan laifi ne da ya fi na zonin nauyi.

Wuta kuwa, RV iri biyu ce. Mai amp 30 tana shan bolt 120, ƙarfinta wat 3,600. Mai amp 50 tana kai wa wat 12,000. Soket ɗin amp 30 yana kama da na tsohon injin busar da kaya mai bolt 240, kuma masu wayarin da ba su saba da RV ba sukan haɗa shi haka, sai firij da na'urar sanyaya ɗaki su ƙone cikin daƙiƙa. Nemo mai lasisi, ya karɓi izinin aikin, ka kuma faɗa masa da bakinka cewa 120 ne. A bututun ruwa a sa abin da ke hana ruwa komawa baya. In za a yi haƙa, a kira 811 tukuna don a zo a nuna inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Abu ɗaya da nake so a ɗauka da muhimmanci ko da babu mai dubawa: ƙararrawar hayaƙi, da ta iskar nan mai kisa da ba ta da wari, da ta yoyon gas. Ɗakin RV ƙarami ne, a rufe yake ruf lokacin sanyi. Janareta kusa da taga, ko murhun gas da aka bari a kunne don ɗumama ɗaki, ko motar da bakanike ya bari tana aiki a gefenka, kowanne na iya sa mutum ya kwanta bai tashi ba.

Duba kuma taswirar ambaliya ta hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, domin filayen masana'antu da yawa a kwari suke. A yankin da aka ware mai haɗarin ambaliya, ƙa'idar tarayya ta ce RV ko dai ta zauna ƙasa da kwana 180 a jere, ko ta kasance da lamba mai rai kuma a shirye take ta hau titi, ko a ɗaga ta a ɗaure kamar gida. Saboda haka kada ka cire tayoyi, kada ka yi mata rumfa ta dindindin, kada ka bar rajistarta ta mutu.

Adireshi, da ranar da takarda ta zo

Da ka bar ɗakin haya, adireshinka ya sauya. Hukumar lasisin tuƙi da banki suna neman adireshin zama, kuma na'urarsu kan gane adireshin kasuwanci ta ƙi shi. Takardar izinin maigadi tana taimakawa a nan. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba kuwa, ko da yana da katin zama na dindindin, doka ta ba shi kwana 10 ya sanar da hukumar shige da fice ta USCIS sabon adireshi, da fom AR-11 ko ta shafinta. In kana da shari'a a kotun shige da fice, ita ma sai ka sanar da ita daban. Wasiƙar kiran zaman kotu da ta tafi tsohon gida na iya jawo abin da ya fi hayar shekara goma ciwo.

Wanda ya riga ya girke motar kafin ya karanta wannan, ga yadda abin ke zuwa. Duba-garinsu ba su cika yawo suna nema ba, ƙorafi suke bi, wani ya kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar gari, ko ya cike fom. Wata safiya za ka ga takarda manne a ƙofar motar, da lambar sashen dokar da aka ce ka karya, da kwanakin da aka ba ka ka gyara, da ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara. Ɗauki hotonta nan take. Kira jami'in da sunansa ke jiki a ranar, cikin ladabi, ka tambaye shi abin da zai gamsar da shi, da ko za a dakatar da lissafin tara in ka shigar da takardar neman izini. A garuruwa da yawa kowace rana laifi ce sabuwa, tarar na taruwa, daga baya a ɗora ta a kan filin a matsayin bashi. Kafin komai ya daidaita, zare igiyar wuta da bututun ruwa, mayar da ɗakin gefe ciki, ka kai motar zangon RV mai lasisi inda ake biya wata-wata. Rasit ɗin zangon shi ne za ka nuna wa jami'in ranar da ya dawo dubawa.